Amin Ɗin Da Muka Yi Wa Dariya

A hutun damina da ya wuce, ranar Lahadi ta biyu da komawata Agiye, na yi wa kakata dariya a cikin majami'a. Ba ni kaɗai ba ne, mun kai mu goma a bencin matasa, amma ni ne jikanta, don haka tawa dariyar ce abin tambaya.

Ga yadda aka yi. Fasto ya ba wani ɗan'uwanmu da ke karatu a Yamai dama ya yi addu'ar buɗe sujada. Yaron kirki ne, tare muka yi makarantar Lahadi, tare muka sha bulala kan satar mangwaro. Ya miƙe, ya karɓi mikro, ya fara da Faransanci. Faransanci mai kyau kuwa, irin na cikin hanci. Ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, sai ya tsaya shan iska a tsakiyar zance. Kakata, wadda idonta ke rufe tun farko, ta ji shiru, ta ɗaga murya ta ce "Amin!" Matan da ke bayanta suka amsa mata. Shi kuwa bai ma kai rabi ba. Muka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa.

A hanyar gida ina riƙe da ƴar kujerarta, na ce, "Kaka, ai bai gama ba kika ce amin." Ta ce, "To maigida, mi ya ce?" Na fara fassara mata, sai na ga rabin abin ya zube mini. Ta ce, "Bar shi. Allah dai ya ji shi. Ni ce ban jiya ba, kuma ni anka ce a yi ma addu'a." Ashe a cikin abin da ya roƙa har da lafiyar tsofaffin ikilisiya.

Da abin ya tsaya nan, da na bar shi a matsayin labarin ban dariya na gida. Bai tsaya ba. Kafin hutu ya ƙare, ƙungiyarmu ta matasa ta kai wa dattawan ikilisiya takarda, kuma har da sa hannuna a ciki, Allah ya gafarta mini. Takardar na neman a raba sujadar Lahadi gida biyu: ta Faransanci da ƙarfe takwas na safe, ta Hausa bayan ta ƙare. An ce za a yanke magana a taron ikilisiya bayan godiyar kaka. Na rubuta wannan ne don in janye hannuna a bainar jama'a, tun da a bainar jama'a na yi dariyar.

Na san galibin masu karanta wannan ɗan littafin namu Musulmi ne, kuma wani zai ce mu ina ruwanmu da rigimar Kiristoci, mutanen da ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai ɗaya cikin ɗari na ƴan Nijar ba. Ku yi haƙuri ku karanta. Ciwon da zan faɗa ba na majami'a kaɗai ba ne, na duk ɗan lakol ne da ya koma gida ya kasa yi wa ubansa bayanin abin da yake karantawa. Wani ɗan'uwa Kirista kuma zai ce me ya sa na fito da zancen cikin gida waje. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Mu fara da hujjar da muka rubuta a takardar, don ita ce mai kyan fuska. Mun ce akwai baƙi a cikinmu: malaman makaranta da aka turo daga yamma, Zabarmawa da Gurmawa, ma'aikacin lafiya, soja, wani ɗan Benin mai gyaran babur. Mun ce ba sa jin Hausa sosai, kuma bai kamata a bar su a baya ba. Gaskiya ne akwai su, kuma gaskiya ne suna da hakki. Amma ku lissafa su da yatsu ranar Lahadi mai zuwa, ba za ku gama hannu biyu ba. Sannan ku bi su kasuwa. Da wane harshe suke ciniki da mahauci? Da wane harshe suke faɗa da mai kabu-kabu? Mafi yawansu shekara guda ta ishe su su kama Hausa, don Agiye ba ta ba mutum zaɓi. Waɗanda ba su kama ba tukuna, maganinsu tafinta, kuma majami'armu ta daɗe da sanin tafinta. Abin da ban taɓa ji ba shi ne ɗaya daga cikin baƙin nan ya tashi ya ce a raba sujada dominsa. Mu ne muka ɗauki sunansu muka yi garkuwa da shi.

In don baƙi ne, me ya sa muka zaɓar wa kanmu ƙarfe takwas? Kowa ya san abin da ƙarfe goma sha ɗaya take nufi a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afirilu. Wanda zai zauna a cikin wannan wutar shi ne tsohon da ya taho da ƙafa daga ƙauye, da mace mai goyo wadda daka ke jiran ta a gida. Mu masu takalmi mun sha sanyin safiya mun tafi. Kuma kar mu yaudari kanmu, piyano da lasifika da mai kaɗa su duk sujadar farko za su bi. In wuta ta ɗauke, man gurup ɗin da aka saya zai ƙare kafin ta biyu ta fara. Wa ya sayi piyanon? Ni na san amsa, don ina cikin waɗanda suka ɗora damman gero a amalanke aka kai kasuwa. Zakkar manoma ce, da baikon Zumuntar Mata, dala-dala, daga kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Mu ɗalibai abin da muke sakawa a kwanon baiko, in an cire kunya, bai sayi igiyar mikro ba.

Yanzu bari in faɗi abin da ba mu rubuta a takardar ba, wanda shi ne gaskiyar maganar. Ba mu iya karanta Hausa ba. Ku musa in kuna iyawa. A ba ɗan jami'a Littafi Mai Tsarki na Hausa a ce ya karanta sura guda a gaban jama'a, ku ji yadda zai yi ta tuntuɓe. Ya ga ƙ ya karanta k, ya ga ɗ ya karanta d, ya mai da ƙasa ta zama kasa, ya mai da ɓata ta zama bata, ya ga c ya rasa ko s ce ko k, don kansa cike yake da ƙa'idar Faransanci. Tsofaffi na gyara masa daga kujerunsu. Ni an gyara mini, sau uku a aya ɗaya, kuma wadda ta gyara mini ba ta taɓa taka ƙofar lakol ba. A ajin yaƙi da jahilci na majami'a ta koya, da allo da alli, bayan ta haifi ƴaƴa huɗu. Wannan kunyar ce muke gudu. A Faransanci ba mai gyara mana, don ba mai ji. Shekara goma sha uku muka yi a benci kafin mu sami bak, muka fito ba mu iya karanta harshen da muke mafarki da shi ba, sai muka mai da gazawar ta zama ado, muka ce sujadar Hausa ta ƙauyawa ce.

Har kalmominmu sun canza. Mun daina cewa sujada, sai kult. Mun daina cewa mawaƙa, sai koral. Wanda uwarsa ta raɗa masa suna Ishaya, in ya dawo daga Maraɗi sai ya ce a kira shi da lafazin Faransa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mun ɗauka muna ci gaba ne, alhali ba mu san tarihin abin da muke takawa ba. Tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai suna Nijar aka fara sa Linjila cikin Hausa. Wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, haifaffen ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta yana ƙarami, ya bi matafiyin nan Barth har Ingila a 1855. Can ya zauna da wani mai wa'azi Bajamushe, Schön, yana ba shi Hausa baki da baki, kuma a 1857 Schön ya buga Linjilar Matiyu da Hausa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan aikin shekaru da Dakta Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi. Ƴan mishan na SIM da suka sauka Damagaram a 1924, suka buɗe Tsibiri bayan ƴan shekaru, sannan asibitin Galmi a 1950 da na kutare a Danja a 1956, galibinsu masu jin Ingilishi ne daga Amurka da Kanada da makamantansu. Faransanci bai zauna musu a baki ba, gwamnatin mulkin mallaka ma ba ta sake da su ba. Da Hausa suka yi wa'azi, da Hausa suka koyar da karatu. Ba ina wanke su ba ne, suna da nasu laifin, kuma zan zo kansa. Amma ikilisiyar da ta tsiro a ƙasar Maraɗi, daga Gidan Runji zuwa Gazawa, da Hausa ta yi rarrafe, da Hausa ta miƙe. Har yau akwai makarantar Littafi a nan Agiye, akwai ta Dogon Gao, kuma fastocin da ke fitowa ƙauyukan Hausawa suke komawa.

Ku duba kalmomin da muke sujada da su: Allah, Ubangiji, alheri, tuba, gafara, annabi, mala'ika, Zabura, Linjila, sujada ita kanta. Ba ɗaya a ciki da maƙwabcinmu Musulmi zai ce a fassara masa. Ina lise wani abokina, ɗan liman ne, ya raka ni bikin auren yayata a majami'a. Da muka fito ya ce, "Kai, ashe ku ma Allah kuke cewa?" Shekara uku muna cin tuwo kwano ɗaya, yana zaton wani suna muke kira da harshen Anasara. Sa'a biyu na sujadar Hausa ta gyara abin da shekara uku na abota ba ta gyara ba. Bai zama Kirista ba, ban kuma nemi ya zama ba. Amma daga ranar ya daina ce mini ɗan addinin Turawa, ko da wasa.

Wannan zargin, cewa mu baƙi ne a ƙasar kakanninmu, ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mun san inda yake kaiwa. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Faransa, an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai da wasu garuruwa. Ƴan sanda sun lissafa 45 a Yamai kaɗai, mutum goma suka mutu a ƙasar. A Damagaram an haɗa da cibiyar al'adun Faransa, kamar abu ɗaya ne. A Yunin 2019 an sake ƙona wata majami'a a Maraɗi. A fahimce ni da kyau: ba Faransanci ne ya kunna wutar ba, masu ashana ne suka kunna ta, kuma majami'un da ake sujada da Hausa tsantsa ba su tsira ba. Laifin na kan wanda ya yi. Amma a garinmu, a ranakun nan, ina yaro na ga wani dattijo maƙwabcin majami'a, Musulmi, ya shimfiɗa tabarmarsa a bakin ƙofarta ya zauna da carbinsa har dare. Ya yi haka ne don ya san mutanen ciki. Shekara da shekaru yana jin waƙarsu ta katanga, yana jin abin da suke roƙo: ruwan sama, lafiyar sarki, zaman lafiyar gari. Ranar da abin da ke tsallako katangar ya zama harshen da ba ya ji, da ƙarar lasifika, me jikansa zai sani game da mu?

Ga kuma abin dariya na gaske. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ko mutum na son masu mulki ko ba ya so, wannan magana ce ta daban. Amma a daidai lokacin da gwamnati ke sauke Faransanci daga kujerarsa, mu ƴaƴan ikilisiyar da ta riga gwamnati rubuta Hausa da shekaru masu yawa muke neman ɗora shi a kan bagade.

Ba zan yi kamar dattawa ba su da laifi ba. Suna da shi, kuma shi ya kore mu. Sanarwa kan ci kusan sa'a guda. Wa'azi ɗaya muke ji tun muna yara, har mun san inda za a yi tari. In saurayi ya kawo shawara sai a ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Hausar tsohon juyin Littafi kuma akwai kalmomin da ko tsofaffin sai sun yi tunani, kuma ba Hausar Maraɗi ba ce. Duk gaskiya ne. To amma wanne daga cikin waɗannan Faransanci zai warkar? Sanarwa mai tsawo in an yi ta da Faransanci gajeruwa take yi? Akwai sabon juyin Littafi da Hausa mai sauƙi, a saya. In waƙoƙin sun tsufa, wa ya riƙe mana hannu? A cikinmu akwai masu tsara waƙar soyayya da Hausa su sa a WhatsApp, mai daɗi kuwa, amma in an zo waƙar Ubangiji sai mu kwaso ta Abijan ko ta Kinshasa, mu rera da lafazin da ba namu ba. Su can da nasu kiɗan suka yi tasu, shi ya sa take da daɗi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Maganar kiɗa ta kawo ni ga laifin ƴan mishan da na ce zan faɗa. Kakata ta ce a ƙuruciyarta ba a yarda da ganga a majami'a ba, an ce kayan bori ne. Waƙoƙin Turawa aka juya zuwa Hausa, ana rera su a tsaye ƙiƙam kamar sojoji. Matan Zumunta ne, a hankali, ba da takarda ba, ba da taro ba, suka shigo da tulu da ƙwarya da tafi, suka tsara nasu waƙoƙin da amshi irin na daka da na biki, har abin ya zama jiki. Wannan yaƙin sun yi shi sun ci tun ba a haife mu ba. Yau mu ne muke ce musu su rage ƙarar tulu don yana ɓata wa piyano sauti. Abin da Bature ya hana su bai hanu ba, mu jikokinsu muke so mu ƙarasa masa.

Mu ƴan Agiye ya kamata mu fi kowa gane wannan. Shekaru aka yi ana kawo dashen itace daga waje ana shukawa, rana da awaki na cinyewa. Sai a 1983 wani ɗan Ostiraliya da ke aiki da SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙasa, tohon kawai ake buƙatar a rage a bar masu ƙarfi. Sassaben zamani ke nan, wanda ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka yi suna da shi, har baƙi ke zuwa daga ƙasashe su gani. Iyayenmu ne suka yi aikin da hannunsu, a gonakin da muke wucewa cikin mota muna latsa waya.

Ga masu son hujja daga Littafi, tun da mun iya jawo aya in muna gardama, ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Rigimar farko da aka rubuta a cikin ikilisiyar Urushalima ta harshe ce: masu jin Helenanci sun yi ƙorafin ana mance gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce a raba taro biyu ba. Mutum bakwai aka zaɓa su riƙe aikin, kuma duk bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, wato daga ɓangaren da aka ƙware aka ɗauko su. Ku buɗe Korintiyawa ta fari sura 14, inda Bulus ya fifita ƴan kalmomin da jama'a ke ganewa a kan tulin waɗanda ba a ganewa, har ya kawo zancen mutumin da ba zai iya cewa amin ba don bai san abin da aka faɗa ba. Da na sake karanta wurin bayan abin da ya faru, sai na ji kamar yana zaune a bencinmu ranar. Sabon Alkawari kansa da Helenancin kasuwa aka rubuta shi, ba na masana ba. Katolika, waɗanda suka riƙe Latin ɗaruruwan shekaru, sun buɗe ƙofa ga harsunan jama'a a 1963. Faransancin da muke taƙama da shi ma, juyin Louis Segond da ke cikin jakunkunanmu, an yi shi ne don Bafaranshe ya ji da harshen uwarsa.

Ban ce a kori Faransanci ba. Ina karanta shi, da shi nake jarrabawa, akwai waƙoƙinsa da ke sa ni hawaye. A yi nazarin Littafi da shi ranar Asabar da yamma, duk mai so ya zo. A rera waƙa ɗaya ko biyu da shi ranar Lahadi, a sa ta Zabarmanci, a sa ta Fulatanci, ai daɗi ne. Mai addu'a da Faransanci ya yi, amma wani ya tsaya kusa da shi yana juyawa. Abin da na ƙi shi ne taro biyu, Jibin Ubangiji biyu, ƙofa ɗaya da masu takalmi ke fita ta cikinta lokacin da masu silifa ke shiga. Ikilisiyoyinmu na Nijar sun riga sun ɗanɗani rabuwa, wadda ta tsaga EERN gida uku wajen 1990, kuma har yau akwai dangin da ke jin ciwonta. Waccan ta manya ce. Wannan a cikin gida ɗaya za ta bi, tsakanin uwa da ɗanta, kuma bayan shekara goma yaran da suka tashi a sujadar ƙarfe takwas ba za su san waƙa ɗaya da za su rera a jana'izar kakarsu ba.

Ga ɗan'uwana shugaban matasa, wanda na san zai karanta wannan ya ce na ci amana: ka cire sunana daga takardar, shi ne na bakwai. Ka sa shi a wata sabuwa, ta masu tafinta, in ka yarda a buɗe ta. Na riga na gaya wa Fasto zan riƙa juya wa'azi zuwa Faransanci a bencin baya ga duk baƙon da ke so, duk Lahadin da nake gari. Tun watan jiya kuma nake karanta sura guda da Hausa kowace safiya, da ƙarfi, a ɗakinmu na kwana, har abokan ɗakina sun fara yi mini tsiya. Ranar taron zan shigo motar safe daga Maraɗi. Kakata ta ce in na zo da wuri za ta saurari karatuna kafin mu tafi, don kar in sake ba ta kunya.